Kifayen da Ba Su da Ƙashi: Tarihin Yadda Aka San Su

A ƙasar Amurka, cikin jihar Karolina ta Arewa, akwai wani gari wai shi Greensboro. An kafa shi a 1808, aka sa masa sunan Janar Nathanael Greene, wanda ya kara da sojan Ingila nan kusa, a Guilford Courthouse, ran 15 ga Maris 1781. Galibin mutanen waje sun san garin ne saboda ɗalibai huɗu baƙar fata da suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth ran 1 ga Fabrairu 1960, aka hana su abinci, su kuwa suka ƙi tashi. Mu dai yau labarin kifi ne ya kai mu can.

Greensboro garin tudu ne, daga nan zuwa bakin teku tafiyar kusan mil 200 ce a mota. A 1957 aka buɗe wani ɗan gidan nune-nune domin yara, ana ce da shi Greensboro Junior Museum. Yau da gobe gidan ya yi ta bunƙasa, har ya zama Greensboro Science Center. A 2013 aka ƙara masa gidan kifi, wanda daga baya aka sa wa suna Wiseman Aquarium. A nan yaron da bai taɓa ganin teku ba zai tsaya gaban gilashi ya ga kifin nan da Turawa ke kira shak yana wucewa dab da hancinsa. Akwai kuma wani ɗan kududdufi inda yara ke sa hannu su shafa bayan kunamar ruwa.

To, waɗannan kifaye ba irin tarwaɗa da karfasa ba ne. Mutane sun shekara fiye da dubu biyu suna ƙoƙarin gane su, an yi kuskure da yawa, an kuma gyara. Cikin wannan tarihi har da ƙasar Hausa, ko da ya ke ta fi Greensboro nisa da teku.

Kashi uku na kifi

Masana ilmin dabbobi sun raba kifayen duniya kashi uku. Kashi na fari su ne masu ƙashi sosai, irin su tarwaɗa, da karfasa, da giwan ruwa, da gaiwa, da minjirya. Su ne mafi yawa, sun fi iri 30,000. Duk kifin da masunta ke fitowa da shi ranar bikin su na Argungu cikin wannan kashi ya ke.

Kashi na biyu su ne masu guringuntsi. Kai mai koyon Hausa, kama kunnenka ka lanƙwasa, ko ka taɓa kan hancinka. Abin nan da ka ji, wanda ba nama ba ne, bai kuwa kai ƙashi tauri ba, shi ne guringuntsi. Waɗannan kifaye tun daga ƙoƙon kai har wutsiya da shi aka gina jikinsu. Sun kai wajen iri 1,200. A cikinsu akwai shak, wanda Larabawa ke ce wa ƙirshi, har waɗansu malaman lugga suka ce daga nan sunan Ƙuraishawa ya fito. Akwai kuma kifi mai faɗi kamar faifai, mai doguwar wutsiya da ƙari, wanda masuntan Hausawa na kogin Binuwai ke kira kunamar ruwa. Fatarsu ba ta da ɓawo irin na karfasa, sai waɗansu 'yan ƙananan haƙora da suka rufe ta, shi ya sa masassaƙan da suka riƙa goge itace da fatar shak.

Kashi na uku su ne marasa muƙamuƙi, watau ba su da haɓar da za su buɗe su rufe, su yi cizo. Iri biyu ne kawai suka rage a duniya, kuma babu ko ɗaya a Kwara, ko Binuwai, ko tafkin Chadi, saboda haka ba su da suna a Hausa. Ɗaya Turawa na ce masa lamfare, ya kan manne wa wani kifi ya tsotse jininsa kamar matsattsaku. Ɗayan kuwa za mu kira shi kifin yauƙi, za ka ga dalili nan gaba.

Aristotal da cibiyar ɗan kifi

Wanda ya fara ware masu guringuntsi daga sauran kifaye shi ne Aristotal, malamin nan na Yunanawa, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya zauna a tsibirin Lesbos, yana bin masunta, yana feɗe abin da suka kamo. Ya lura cewa waɗannan kifaye namiji ya kan hau mace, ba kamar galibin kifaye ba, waɗanda macen ke zuba ƙwai a ruwa namiji ya bi ya feshe. Ya kuma rubuta wani abin mamaki. Ya ce akwai wani ƙaramin shak wanda 'ya'yansa ke girma cikin cikin uwa, kowane da igiyar cibiya haɗe da mahaifa, kamar ɗan akuya.

Wannan magana ta daɗe ƙwarai galibin masana ba su ɗauke ta da nauyi ba. Sai wajen 1840 wani Bajamushe, Johannes Müller na Berlin, ya bi diddigi, ya samo kifin, ya feɗe, ya tarad da cibiya da mahaifa daidai yadda Aristotal ya faɗa. Yanzu an san cewa waɗansu masu guringuntsi ƙwai su ke yi, cikin wata 'yar jaka mai tauri kamar fata, amma mafi yawansu haihuwa su ke yi. Riƙe wannan, za mu komo kansa, gama shi ne tushen wahalar da su ke ciki yau.

Duwatsun harshe

A zamanin da, a ƙasashen Turai, mutane su kan tono waɗansu duwatsu masu kusurwa uku, masu kaifi, daga cikin duwatsu, musamman a tsibirin Malta. Suka sa musu suna duwatsun harshe. Waɗansu suka ce daga sama su ke faɗowa, waɗansu suka ce harsunan macizai ne da Bulus ya mayar dutse. Sarakuna su kan tsoma su cikin abin sha, wai maganin sammu ne da dafi. Kada ka yi musu dariya. Mu ma a ƙasar Hausa in manomi ya tsinci gatarin dutse na mutanen farko a gonarsa, gatarin aradu ya kan ce.

Cikin Oktoba 1666 masunta suka kama wani ƙaton shak kusa da Livorno a Italiya. Sarkin Tuskani, Ferdinando na Biyu, ya sa aka kawo kan kifin birnin Florence, aka ba wani likita mutumin Denmark, Nicolas Steno, ya feɗe. Da Steno ya dubi haƙoran, sai ya ga ba su da bambanci da duwatsun harshe. Kafinsa wani mutumin Italiya, Fabio Colonna, ya faɗi haka a 1616, amma Steno ya wuce nan, ya yi tambaya. Ya ce, in haƙoran kifi ne, me ya kai su cikin dutse a kan tudu? Amsar da ya bayar a 1667 da 1669 ita ce, wurin da can ruwa ne, laka ta yi ta kwanciya bisa laka, ta binne haƙoran, ta daskare ta zama dutse. Saboda haka shimfiɗar da ke ƙasa ta girmi wadda ke bisanta. A kan wannan magana aka gina ilmin sanin shekarun ƙasa.

Me ya sa haƙora kaɗai a ke samu? Dalili biyu ne. Guringuntsi ya kan ruɓe, haƙori kuwa ba ya ruɓa da wuri. Sa'an nan haƙoran shak jeri jeri su ke, in na gaba ya faɗi na baya ya matso ya maye gurbinsa, har kifi guda ya zubad da dubbai kafin ya mutu.

Tsakanin 1833 da 1843 Louis Agassiz, mutumin Suwizalan, ya wallafa babban aikinsa a kan kifayen da suka zama dutse. Shi ya sa wa mai manyan haƙoran nan suna megalodon, watau babban haƙori. Haƙori guda ya kan kai inci bakwai, ya cika tafin hannun ƙato. Masana sun ƙiyasta irinsa ya ƙare fiye da shekara miliyan uku da suka wuce. A gabashin Karolina ta Arewa, a wani ɗan gari wai shi Aurora, bakin kogin Pamlico, akwai mahaƙar dutsen fosfat da a ke yin takin zamani da shi. Ƙasar da a ke tonowa cike ta ke da haƙoran shak. Akwai gidan nune-nune a garin, inda a ke zuba tsibin ƙasar mahaƙa, yara su yi ta tono, abin da suka samu nasu ne. A 2013, shekarar da aka buɗe gidan kifi na Greensboro, majalisar jihar ta mai da haƙorin megalodon ɗaya daga cikin alamun jiha.

Tekun Sakkwato

Yanzu bari mu komo gida. Daga Sakkwato zuwa teku, ko tsuntsu ne ya miƙe, sai ya yi fiye da mil 400. Amma masana ilmin ƙasa sun tabbatar cewa wajen shekara miliyan 70 zuwa miliyan 55 da suka wuce, wani hannun teku marar zurfi ya ratso inda Hamada ta ke yanzu, ya rufe ƙasar Sakkwato da ta Tawa. Shimfiɗun dutsen da wannan teku ya bari, da sunayen garuruwanmu a ke kiransu cikin littattafan duniya: Dukamaje, da Wurno, da Dange, da Kalambaina. Farin dutsen Kalambaina, wanda a ke ƙonawa a yi siminti, a ƙarƙashin wannan teku ya kwanta.

A 1934 wani Bature na gidan tarihin halittu na London, Errol White, ya wallafa bayanin kifayen da aka tono a lardin Sakkwato, cikinsu har da haƙoran shak da na kunamar ruwa. A 1972 wani Bafaranshe, Henri Cappetta, ya yi irin wannan aiki a kan ƙasar Nijar, ya sa wa wata tsohuwar kunamar ruwa suna Igdabatis, saboda dutsen Igdaman na jihar Tawa inda aka samo haƙoranta. Har Goronyo ta sami nata rabo, gama an sa wa wani ƙaton ƙadangaren teku na wancan zamani suna Goronyosaurus. Ashe abin da yaron Aurora ke tonowa, akwai danginsa ƙarƙashin gonakin gero na Sakkwato.

Marasa muƙamuƙi

Waɗannan su suka fi ruɗa masana. Kifin yauƙi dai, babban malamin nan na Suwidin, Linnaeus, da ya tsara sunayen dabbobi a 1758, cikin tsutsotsi ya sa shi. Ba a ga laifinsa ba ƙwarai. Abu ne dogo, ba shi da idon kirki, yana zaune can ƙarƙashin teku yana cin mushe. In wani kifi ya kai masa cafka, nan take sai ya saki wani yauƙi da ya fi na kuɓewa, ya toshe wa maƙiyin kafofin numfashi, dole ya sake shi. In zai yagi nama, tun da ba shi da haɓa, sai ya ƙulla jikinsa kamar igiya, ya tura ƙullin wajen kai, ya dogara da shi ya fizga. A Koriya ana cinsa, ana kuma jeme fatarsa a yi jakar kuɗi.

Lamfare kuwa bakinsa zagaye ne kamar bakin ƙahon wanzami, cike da haƙora. Hancinsa ɗaya ne a tsakar ka, yana da kafofin numfashi bakwai a kowane gefe. Ɗansa bai yi kama da shi ba ko kaɗan. Makaho ne, ba haƙori, yana binne cikin lakar rafi shekara da shekaru yana tace 'yan ƙananan abubuwa daga ruwa. Masana suka ɗauka wata dabba ce dabam, har suka sa mata suna nata. Sai a 1856 wani Bajamushe, August Müller, ya nuna cewa wannan makaho shi ke rikiɗa ya zama lamfare, kamar yadda talibamban ke zama kwaɗo. Ba dukansu ke shan jini ba. Akwai ƙananan iri, har a rafukan Karolina ta Arewa, waɗanda in sun rikiɗa ba su ƙara cin kome, sai su yi ƙwai su mutu.

A Turai lamfare abincin sarakuna ne. Wani marubucin tarihi na zamanin, Henry na Huntingdon, ya ce Sarkin Ingila Henry na Ɗaya ya ci lamfare ne bayan likitansa ya hana shi, ya kwanta ciwo, ya rasu a 1135. A Amurka kuwa annoba ya zama. Tsakanin Amurka da Kanada akwai manyan tafkuna biyar. Da can gangaren ruwan Niagara ya tare wa lamfaren teku hanyar hawa zuwa tafkuna huɗu na sama. Da aka haƙa magudanar Welland domin jiragen ruwa, aka kuma faɗaɗa ta, sai ya sami hanya. A 1921 aka fara ganinsa a tafkin Erie. Lamfare guda ya kan kashe kifi mai nauyin laba 40 a rayuwarsa. Wani kifi mai daraja da masunta ke kama wajen laba miliyan 15 a shekara a tafkunan sama, kafin farkon shekarun 1960 abin da a ke samu ya komo wajen laba 300,000. Ƙasashen biyu suka kafa hukumar haɗin gwiwa a 1955. Masana suka gwada magunguna wajen 6,000 kafin su sami ɗaya da ke kashe 'ya'yan lamfare cikin laka ya bar galibin sauran kifaye, aka fara zuba shi a 1958. Da haka aka rage su da kusan kashi 90 cikin 100. Abin dariya kuma, a 2012, da mutanen Gloucester za su yi wa Sarauniyar Ingila abincin lamfare bisa al'adarsu, sai daga waɗannan tafkuna aka kawo musu, don nasu ya yi wuya.

Me ya sa masana suka damu da waɗannan halittu? Domin kifaye na farko, fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce, duk marasa muƙamuƙi ne. Da yawa cikin waɗanda suka biyo bayansu suna da sulken ƙashi a ka, saboda haka rashin ƙashi ba shi ne alamar tsufa ba. Cikin shekarun 1870 Carl Gegenbaur ya duba kan shak, ya kawo shawarar cewa muƙamuƙi asalinsa ɗaya ne da bakunan guringuntsin da ke riƙe da kafofin numfashi. A 2004 kuma Zeev Pancer da Max Cooper, a jami'ar Alabama ta Birmingham, suka gano cewa jinin lamfare yana iya gane ƙwayar cuta ya shirya mata makami nata na musamman kamar namu, amma da waɗansu kayan aiki dabam da namu ƙwarai.

Yuriya da lantarki

Manoman ƙasar Hausa sun san takin yuriya. To, wannan abu jikinmu ma yana yinsa, ƙoda ta fitad da shi cikin fitsari. A 1858 waɗansu masana biyu, Städeler da Frerichs, suka tarad da shi jingim cikin naman shak da kunamar ruwa. Cikin shekarun 1930 wani Ba'amurke, Homer Smith, ya bayyana amfaninsa. Gishirin teku ya kan janye ruwa daga jikin kifi, kamar yadda gishiri ke tsotse ruwan nama. Kifi mai ƙashi sai ya yi ta shan ruwa yana fid da gishiri. Mai guringuntsi kuwa sai ya tara yuriya cikin jininsa har ƙarfin jinin ya yi daidai da na ruwan teku, ruwan jikinsa ya zauna.

Wannan sani ya warware wata gardama game da kifinmu. A 1962 Faransawa biyu, Stauch da Blanc, suka bayyana kunamar ruwa ta Binuwai daga Garwa, ƙasar Kamaru, suka sa ta cikin dangin kunamun ruwa na kogunan Amurka ta Kudu. A 1975 Thomas Thorson na jami'ar Nebraska da abokin aikinsa Watson suka nuna ba haka ba ne. Na Amurka ta Kudu sun daɗe a ruwan daɗi har sun bar tara yuriya, ta Binuwai kuwa har yanzu tana tarawa. Watau 'yar teku ce da ta hauro kogi ta zauna. Faɗinta bai fi inci goma sha shida ba, abincinta 'ya'yan ƙwarin ruwa, amma ƙarinta yana da dafi, shi ya sa masunta suka ce mata kunama.

Sauran lantarki. Duk wanda ya taɓa kama minjirya ya san kifi na iya fid da lantarki. A teku ma akwai dangin kunamar ruwa masu yin haka. Amma shak wani abu dabam ya ke yi, shi jin lantarki ya ke yi. A 1678 Stefano Lorenzini na Florence ya bayyana waɗansu 'yan ramummuka a kan waɗannan kifaye, kowane da siririn bututu cike da abu mai kauri kamar ƙaro. An shekara kusan 300 ana ta zato iri iri a kan aikinsu. A 1960 R. W. Murray ya nuna suna jin lantarki. A 1971 Adrianus Kalmijn, mutumin Holan, ya ɓoye ɗan kifi ƙarƙashin yashi cikin wani akwati da ke tare wari amma ya bar lantarki ya wuce, shak ya zo ya tono daidai wurin. Ya binne wayoyi biyu masu ɗan lantarki, shak ya kai musu cizo. Kowace dabba mai rai tana fid da ɗan lantarki in tana numfashi, saboda haka ɓuya cikin yashi ba ta fisshe ta.

An bar jaki ana dukan taiki

A 1972 wani malami, Frank Schwartz, na makarantar binciken teku ta jami'ar Karolina ta Arewa da ke Morehead City, ya fara ƙidayar shak. Kowace shekara a kan fita da jirgi kusa da Cape Lookout, a shimfiɗa doguwar igiya mai ƙugiyoyi, a ƙirga abin da ya kamu, a auna. Da shekaru suka taru sai lissafi ya nuna manyan shak sun ragu ƙwarai.

A 2007 Ransom Myers da Charles Peterson da abokan aikinsu suka wallafa wani bayani cikin mujallar Science. Suka ce da manyan shak suka ragu, sai wata kunamar ruwa mai hanci kamar na saniya ta yawaita, tun da mai cinta ya tafi, ita kuwa ta cinye wani irin ƙumba da masuntan jihar suka shekara ɗari suna ci da shi, har sana'ar ta mutu a 2004. Niyyarsu ita ce a bar kashe shak. Amma abin da jama'a suka ji shi ne kunamar ruwa ce ɓarauniya. A wajen Chesapeake, arewa da Karolina, aka shiga kiran mutane su ci namanta wai don a ceci ruwan, aka riƙa yin gasar harbinta da baka.

A 2016 Dean Grubbs na jami'ar jihar Florida da abokansa suka sake duba lissafin. Suka ce ƙumban ya riga ya fara raguwa tun kafin a ce kunamar ta yawaita, saboda yawan kamu da cuta da lalacewar ruwa. Suka kuma tuna wa mutane abin da muka ce ka riƙe. Wannan kunama sai ta shekara bakwai ko takwas kafin ta fara haihuwa, ta yi kusan shekara da ciki, ta haifi ɗa guda ɗaya tak. Dabbar da ke haihuwa haka ba ta iya cika teku cikin 'yan shekaru, amma ana iya ƙare ta cikin 'yan shekaru. A 2017 jihar Maryland ta tsai da gasar harbin. Ga shi dai, masu ilmi ne suka yi maganar farko, masu ilmi ne kuma suka gyara ta, amma tsakanin magana da gyara an kashe kifi mai yawa.

Kifin da ke kan kuɗi

In ka je kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram aka ba ka canjin kuɗin sefa, juya ƙwandalar ka duba. Za ka ga wata alama mai dogon baki da haƙora a gefe da gefe. Tambarin babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma ne, an ɗauko shi daga ma'aunin zinariya na mutanen Akan, dangin Tonawan da fataken Gwanja suka saba saye goro a wurinsu. Siffar kifi mai zarto ce, shi ma ɗan'uwan kunamar ruwa ne, mai guringuntsi. Da yana da yawa a bakin kogunan Afirka ta Yamma, yanzu da ƙyar a ke ganinsa. A wancan gefen teku ma, da ya kan hauro har gaɓar Karolina ta Arewa da bazara, yanzu galibi sai a Florida, kuma tun 2003 dokar Amurka ta sa shi cikin dabbobin da a ke tsoron ƙarewarsu. Zarton nasa shi ne ajalinsa, gama da shi ya ke sarƙewa cikin taru.

Ba shi kaɗai ba. A 2021 masana suka duba iri 1,199 na masu guringuntsi, suka tarad da wajen sulusinsu suna cikin haɗarin ƙarewa, babban dalili kuwa yawan kamu. Kunamar ruwa ta Binuwai tana cikin wannan jeri. Tarwaɗa tana zuba ƙwai dubbai a damina ɗaya, in an kwashe ta bana, baɗi ta komo. Kifin da ke goyon ciki kamar akuya ba ya jure irin wannan kwasa.

Gani ya kori ji, shi ne amfanin gida irin na Greensboro, gama wanda ya shafa bayan kunamar ruwa yana yaro da wuya ya yarda a harbe ta don wasa. Amma sanin kifin Binuwai yana hannun masuntan Binuwai, su suka san inda ya ke kwanciya da lokacin da ya ke haihuwa, su kuma za su iya faɗin shekarar da suka fara rasa shi cikin komarsu. Kai da ka ke koyon Hausa, in Allah ya kai ka Yola, ko Ibi, ko Lakwaja, ka sauka bakin ruwa ka gai da Sarkin Ruwa, ka tambayi tsofaffi labarin kunamar ruwa, ka rubuta abin da suka gaya maka da bakinsu.